Jimlar farko ta kammalawa, inda ƴan bak ke zubar da maki

Salamu alaikum ƴan makaranta, musamman ƴan bak, wato ƴan ajin ƙarshe masu shirin jarrabawar gama lise, na Damagaram, na Lise Amadu Kuran Daga da na sauran makarantu. Yau maganarmu a kan jimla ɗaya ce tak, wadda ke buɗe kammalawar rubutu, wato abin da mushe ke kira konkilizyo.

Kun san yadda abin yake. Saura minti goma a karɓi takardu, hannu ya gaji, bik na zamewa don zufa. Ka rubuta "En somme", wato "a taƙaice", sai kai ya ɗauke, ka tsaya kana kallon bango. Daga nan da yawa sai su koma shafin farko su kwafo gabatarwarsu, su ɗan canza mata riga. Mai gyara kuwa ya riga ya karanta ta. Abin da yake jira shi ne amsar tambayar da kai da kanka ka yi a farko.

Mu gwada da tarihin gida. An tambaye ka: me ya sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka mai da shi Yamai a 1926?

Wani zai rubuta: "A taƙaice, mun ga dalilai da yawa da suka kawo wannan canji." To waɗanne? Wannan jimlar za ta shiga kowace takarda, ko ta tarihi ko ta falsafa, shi ya sa ba ta da maki.

Ga ta biyu: "A taƙaice, ƙarancin ruwa a Zinder da kusancinta da Kano, wadda ke hannun Turawan Ingila, su suka karkata Faransawa zuwa bakin kogin Isa." Ka ji bambanci? Ko mutum bai karanta sauran shafukan ba, ya san inda ka tsaya. Batun ruwan kam, duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗan garuwa a Birni ko Zango ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kalmar buɗewa ba ita ce matsala ba. "En somme", "En définitive", ɗauki guda ka wuce.

Inda nake so ku yi hattara shi ne sabuwar hujja. Kana cikin rufewa sai ka tuna an kashe Kyaftin Kazemaju, hafsan sojan Faransa, a nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, ka ji kamar asara ce ka bar shi. In ba ka kawo shi a tsakiyar rubutu ba, bar shi. Ba a fara sabon ciniki bayan kasuwa ta watse.

Da ka gama tsara sassan rubutunka a takardar gwaji, tun kai na da sanyi, rubuta tambayar a sama, ka rubuta wannan jimlar a ƙarƙashinta. Karanta su a jere, kamar wani ya tambaye ka kai kuma ka ba shi amsa. In sun haɗu, ajiye ta gefe, minti goman nan na ƙarshe kwafewa kawai za ka yi.