Yadda Malami Zai Taimaki Waɗanda Aka Ceto Daga Masu Safarar Mutane

Malamai, in kuna son ku riƙe alli da safe, da yamma kuma ku koyar da waɗanda aka kuɓutar daga hannun masu safarar mutane, ku fara sanin iyakar aikinku. Bincike da kama masu laifi na NAPTIP ne, wato hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, wadda aka kafa a 2003, tana kuma da ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Naku shi ne karatu. Ta hannun hukumar ko ƙungiyar da ke aiki da ita za ku shiga, da izinin hedimasta a rubuce.

Su wa za ku tarar? 'Yar aikatau da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye tana karɓe albashinta, matar da aka bi da ita ta Agadas zuwa Libiya, da wadda aka kai aikin gida ƙasar waje aka ƙwace mata fasfo.

Awa biyu, sau biyu a mako, ya isa. Wanda ya ɗauki fiye da haka, da zarar makin jarrabawa ya taso sai ya fara fashi. Fashin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, don da alkawarin ƙarya aka cuce su tun farko. In ba za ku zo ba, ku faɗa musu tun kafin ranar.

Zama a gidan mafaka, inda ake ajiye waɗanda aka ceto, ba ya daɗewa, galibi 'yan makonni ne, saboda haka kowane darasi ya tsaya da ƙafarsa. Rukuni kada ya wuce mutum 6. Kada ku raba su bisa shekaru. Ku gwada kowace ita kaɗai: haruffa, kalma, jimla, sannan lissafin kuɗi. Budurwa mai shekara 17 da ba ta iya rubuta sunanta ba, in aka gane haka a gaban ƙannenta, da wuya ta dawo. Ku fara da abin da zai kare ta gobe: rubuta suna, haddace lambar wayar wani amintacce, lissafa albashi da bashi, da sanin cewa ba a sa hannu ko dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba.

Ga inda masu kyakkyawar niyya suka fi yin kuskure. Kada ku tambaye ta abin da ya faru da ita, ko ku ba da jingar rubuta "tarihin rayuwata". In ita ta fara faɗa, ku saurara, kada ku tsawaita tambaya, sannan ku sanar da ita cewa za ku haɗa ta da jami'ar da ke kula da ita. Ku bar ƙofa a buɗe, ta zauna inda take so. Malami namiji kada ya keɓe da ɗaliba.

Ba hoto, ba sakawa a Facebook ko WhatsApp, ko da an rufe fuska, ba kuma hirarta a ofishin malamai. Sau da yawa wanda ya yi safararta ɗan'uwa ne ko maƙwabci, kuma labari ɗaya ya isa ya gano inda take. A rajistarku ma ku sa lamba a madadin suna. In wani ya zo bakin makaranta yana cigiyarta, kada ku amsa masa komai, ku kira jami'ar nan take.