Sharhi: Vítor Constâncio, masanin da bankunan gida suka ba wa kunya

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa ƙasar Fotugal, inda za mu duba aikin Vítor Constâncio, masanin tattalin arziki da aka haifa a birnin Lisbon a 1943. Ya riƙe muƙamin ministan kuɗi a 1978, lokacin da ƙasar ke tattaunawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Ya shugabanci jam'iyyar gurguzu ta ƙasar daga 1986 zuwa 1989, ya kuma sha kaye a zaɓen 1987 a hannun firaminista Cavaco Silva. Amma a babban banki aka fi saninsa: ya zama gwamnan Babban Bankin Fotugal sau biyu, daga 1985 zuwa 1986, sannan daga 2000 zuwa 2010.

Wa'adinsa na biyu ne ya fi jawo muhawara. Fotugal ta shiga kuɗin yuro tun 1999, don haka ikon tsayar da kuɗin ruwa ya koma Frankfurt, mazaunin Babban Bankin Turai. Abin da ya rage a hannun gwamna a Lisbon shi ne sa ido kan bankuna. A jawabinsa na kama aiki a 2000, Constâncio ya ce ƙasar da ke cikin kuɗin bai ɗaya ba ta da fargabar giɓin cinikinta da waje, kamar yadda ba wanda ke lissafa na jihar Mississippi a Amurka. Masana da dama a Turai haka suke tunani a lokacin, amma hasashen bai yi daidai ba. Bankunan Fotugal sun riƙa ciyo bashi mai sauƙi daga bankunan Jamus da Faransa, suna rabawa masu sayen gidaje da kamfanonin gine-gine, har giɓin ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara. Bashin na gajeren lokaci ne, rancen da aka bayar da shi kuwa na shekaru masu yawa. Ranar da masu ba da bashin suka ƙi sabuntawa, sai asiri ya tonu. A 2011 ƙasar ta karɓi tallafin ceto na yuro biliyan 78.

Sai kuma batun bankin BPN, wanda gwamnati ta karɓe a watan Nuwamban 2008. Dabarar da aka yi ba ta da wuyar ganewa: masu bankin suna da wani ƙaramin banki a tsibiran Cape Verde, Banco Insular, wanda ba ya cikin littattafan da ake nuna wa masu bincike. Can ake tura rancen da ya lalace da asarar da ba a so a gani. Babban banki yana aika tambayoyi, amsa tana zuwa a makare ko rabi da rabi, a haka aka yi shekaru. Da aka buɗe littattafan, an tarar da ramin kusan yuro miliyan 700, daga baya asarar da ta faɗa kan masu biyan haraji ta kai biliyoyi, aka kuma sayar da bankin a 2012 kan yuro miliyan 40 kacal. A gaban majalisar dokoki, Constâncio ya kare kansa da cewa mai sa ido ba ɗan sanda ba ne, kuma ƙarya aka shirga masa. Akwai gaskiya a ciki, domin kotu ta yanke wa shugaban BPN hukuncin ɗauri daga baya. Sai dai a ganinmu, bankin da ya daɗe yana jan ƙafa wajen ba da amsa ya riga ya nuna akwai lauje cikin naɗi, kuma doka ta ba mai sa ido damar tura masu bincike su zauna a cikinsa.

Duk da wannan tabo, a 2010 aka naɗa shi mataimakin shugaban Babban Bankin Turai, kujerar da ya riƙe har 2018. A can ƙwarewarsa ta fito fili. Yana cikin waɗanda suka goya wa shugaban bankin na lokacin, Mario Draghi, baya wajen mayar da kuɗin ruwan ajiya ƙasa da sifili a 2014, da fara sayen takardun lamuni na yuro biliyan 60 kowane wata a 2015. Yana kuma gaba-gaba a binciken manyan bankuna 130 na 2014, inda 25 suka faɗi jarrabawar.

A wani jawabi da ya yi a Athens a 2013, ya fito ƙarara ya ce tushen rikicin yuro shi ne bashin da bankuna da 'yan kasuwa suka tara, kuma ɗora laifin kacokan kan almubazzarancin gwamnatoci kuskure ne. Luis de Guindos na Sifaniya ne ya gaje shi a watan Yunin 2018.