Me ya sa jirgi ke zuwa Zanzibar ya ƙi komawa gida?

To jama'a, tun da hoton nan na tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Zanzibar ya fara yawo ake ta musu, wani ya ce ai ba tasha a wurin tunda bai ga siminti ba, wani kuma ya ce jirgi zuwa yake ya sauke kaya ya juya kamar tirela a Apapa. Dukansu sun kauce, amma na biyun ya fi nisa da hanya.

Wurin da ke cikin hoton sunansa Unguja Ukuu, a kudu maso yammacin tsibirin, gari ne da ya rayu tun wajen ƙarni na 6 har zuwa na 10. Gidajen laka da itace, mutane na kamun kifi suna cin dawa da gero, eh dawa da geronmu dai. Maganar siminti kuma mu gama da ita yanzu: ruwan tekun nan cika yake ya janye kullum, sai a shigo da jirgi yana cike, in ya janye jirgin ya zauna daram a kan yashi, a tattare zani a shiga a kwaso kaya. Shi ke nan tashar. Jiragen ma da yawansu ba ƙusa ko ɗaya, da igiyar kwakwa ake ɗinke katakon, ni dai da kuɗina ba za a ganni a ciki ba.

Yanzu ga inda ake ruɗewa.

Jiragen nan ba inji. Iska ce mai, ita ce direba. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, Swahilawa suna ce mata kaskazi, ita ke turo jirage daga Oman da Siraf ta ƙasar Farisa su gangaro cikin 'yan makonni. To ka iso, ka sayar, ka saya, kana son gida, ina hanya? Iskar da ta kawo ka har yanzu a fuskarka take busawa. Sai ka zauna. Sai wajen Afrilu ta juya ta koma daga kudu, wannan ita ce kusi, kusan kamar yadda iskar hunturu ke ba ta damina wuri a wajenmu. Kuma ko ta juya ba a sakaci, don a Yuni da Yuli haukacewa take yi teku ya ƙi hawuwa, wanda bai fita da wuri ba sai ya jira ta lafa wajen Agusta ko Satumba.

Kun ga ke nan zuwa ɗaya komawa ɗaya a shekara. Mutum ya yi wata da watanni a garin da ba nasa ba, dole ya nemi mai masauki, ya koyi yare, ya ci bashi ya ba da bashi, wani ma ya yi aure, to ina zai kai watannin nan shi kaɗai? A ganina wannan zaman jiran ya fi kayan da ke cikin jirgin muhimmanci.

Sauran a gurguje. Masu tonon kayan tarihi sun samu tukwanen yankin Tekun Farisa masu launin shuɗi-kore, duwatsun ado na gilashi, har fasassun tangaran na Sin. Abin da ke fita kuwa hauren giwa ne da ɓawon kunkuru, da mutane, eh bayi, kada mu yi kamar ba mu sani ba, tawayen bayi Zanj (sunan da Larabawa ke kiran mutanen gaɓar gabashin Afirka) da aka yi a kudancin Iraƙi daga 869 zuwa 883 yana nan a tarihi. Al-Mas'udi, marubucin tarihi kuma matafiyi Balarabe, ya bi hanyar nan tsakanin Oman da gaɓar gabashin Afirka wajen 916, ya ce hauren Oman ake kai shi, daga can ya wuce Indiya da Sin.

Af, na manta fasinja ɗaya. An tono wani ƙashi a wurin, na ɓera ne, baƙin ɓeran nan ɗan asalin Asiya, a jirgi ya iso shi ma kuma ko kwabo bai biya ba.