Daga Garwa: Usur Gare Ni, Takarda Ce Ta Gagara

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da asuba daga Garwa, arewacin Kamaru. Ku yi haƙuri da ƙurar nan da ke rufe kyamara, hunturu ne. Waɗancan yaran da kuke hangowa suna zagaye fili, su nake horarwa. Da sassafe muke fitowa, saboda da rana makaranta, da yamma kuma manya sun ƙwace filin. Ga kayan aikina: ƙwallo ta sha ɗinki har fatar ta yi ƙirji, robobin ruwa na cika da yashi su ne alamomin atisaye, sai usur a wuya.

Wani ɗan uwa daga Yola ya tambaye ni, tunda ina garin kulob ɗin Coton Sport, me ya hana ni zama cikakken koci mai albashi? To zauna ka ji.

Gaskiya ne garin ƙwallo ne. An kafa Coton Sport a 1986, kamfanin auduga na Sodecoton ke riƙe da ita, kuma a 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ta doke ta. A nan Vincent Aboubakar ya taka leda kafin ya wuce Faransa. Amma kulob ɗaya ne mai irin wannan gatan, bencinsa kuwa mutum nawa zai ɗauka?

Takarda ita ce shingen farko. Lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B, A, sai na ƙoli da ake kira Pro, kuma hukumar ƙwallon ƙasa, FECAFOOT, ke shirya kwas ɗin. Ba a tsallake, sai ka yi aiki da na ƙasa kafin a karɓe ka a na sama. Nan ne abin ke ɗaure min kai. Kulob ya ce kawo takarda mu ɗauke ka, masu kwas su ce kawo shaidar kulob ɗin da ka yi wa aiki. Kana tsakiya kana zare ido.

In kwas ya faɗo a Yawunde kuma, sai ka shiga mota zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgin ƙasa, ka biya masauki da abinci da kuɗin rajista, duk da sefa daga aljihunka. Ni da kayan gyaran babur nake sayarwa a kasuwa, rufe shago na mako biyu ba wasa ba ne, ga iyali.

Ga kuma Faransanci. A fili da Fulatanci da Hausa nake magana da yara, suna kuma ganewa sarai. Amma a ce ka zauna ka rubuta tsarin atisaye na mako da Faransanci, ka tashi ka kare shi gaban malamai? Wanda ya taso a Najeriya kamar ni, sai ya koma ɗalibi tukuna. Yanzu haka wani ɗan sakandare ke koya min da daddare, ina biyansa da gyaran babur ɗin babansa.

Kai, Ɗan'auta! Ɗaga kanka ka duba kafin ka ba da ƙwallo! Ku yi haƙuri jama'a, yaron nan ƙafa gare shi amma ƙasa yake kallo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne suna. Lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022 na shiga filin Roumdé Adjia da ke nan Garwa na kalli Najeriya, har daren da Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya. Wa ke benci? Augustine Eguavoen, tsohon ɗan wasan ƙasa. Wa ya ɗauki kofin? Aliou Cissé, kocin Senegal a lokacin, kyaftin ɗinta na 2002. Ba a jima ba Kamaru ta miƙa wa Rigobert Song tawagarta. Na yi murna da 'yan Afirka ke samun aikin, wallahi. Sai dai duk ta ƙofa ɗaya suka shigo, sun buga, duniya ta san su. Wanda gwiwa ta tsayar da shi tun a ƙwallon unguwa, ko ya fi kowa karanta wasa, sai an tambaye shi a ina ya buga.

A ƙananan kulob kuwa, mai kuɗin da ke sayen riguna shi ke son fitar da sha ɗayan farko. Wani Alhaji ya taɓa miƙo min takarda ana saura kaɗan a take wasa, sunan ɗan ƙanwarsa a sama. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron bai zo atisaye ba tun makon jiya." Ya ce to ni ma kada in zo gobe.

Duk da haka na kai sunana ofishin hukumar na yanki, ina jiran a sanar da kwas na gaba. Bari in kashe kyamara, ƙarfe bakwai ta kusa, in ban sallami yaran nan ba malamansu za su zo kaina. Mai tsofaffin ƙwallaye a Garwa ko Marwa, ya yi min magana.