A Saurari Mai Horarwa Kafin a Ɗaura Sirdi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau a barga za mu yi shi, tun kafin a buga ganga a filin sukuwa.

Duk inda za a yi sukuwa, ko Kano, ko Katsina, ko Bida, ko Yamai, tambaya ɗaya ce ke yawo a jajibiri: dokin wa zai ci gobe? Makaɗa da maroƙa sun riga sun miƙa wa ubangidansu kofi tun ba a hau ba. 'Yan kallo ma kowa da gwaninsa. Amma amsar da ke da nauyi tana bakin mutum ɗaya, mai horarwa, wanda ya kwana ya tashi da dawakin nan wata da watanni.

Ku lura da yadda gwani a wannan sana'a yake magana. Ba ya cewa duk dawakinsa za su ci. Ɗaya bayan ɗaya yake bin su. Zai ce maka akawal ɗin nan ya shirya, amma ɗan gajeren zango ne, mita 1,000 ko 1,200, in an wuce haka numfashi zai gaza masa. Kilin can sai tafiya ta yi nisa yake buɗewa, a kai shi mita 2,000 a gani. Goɗiyar nan ba ta son matsi, in aka rufe ta a tsakiya ta karaya, don haka mahayinta ya fitar da ita gefe tun daga tashi. Yana kuma duba ƙasar fili, domin dokin da ke tashi a kan rairayi mai laushi bayan ruwa ba lallai ya ji daɗin ƙasar da hunturu ya busar ta yi tauri ba. Ya san rukunin da kowanne zai shiga, na Arewa da 'yan uwansa, na Sudan da nasa, ya san nauyin da zai ɗauka, ya san wanda aka sauke daga mota shekaranjiya bayan doguwar tafiya, gajiya ba ta gama sakinsa ba.

Daga ina yake samun wannan sani? Daga asuba. Kafin gari ya waye ya shiga barga shi da muri, wato mai yi wa doki hidima. Komi yake fara leƙawa: an cinye dawa da dusar daren jiya, ko an rage? Harawa fa? Ruwa nawa aka sha? Har kashin dokin sai ya duba. Sannan ya durƙusa, ya shafa ƙafar gaba daga gwiwa zuwa kofato, ya koma ɗaya ƙafar, yana gwada ɗuminsu. In ɗaya ta fi ɗaya zafi, ko jijiyar baya ta ɗan tasa, to akwai magana. Sai ya sa a ja dokin da ragama, a yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri. Dokin da ƙafar gaba ke damunsa yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa. Ɗan ɗagawa ne ƙanƙani, wanda ni da kai za mu wuce ba mu gani ba.

Wannan ɗan zafi ba abin rainawa ba ne. Dokin tseren Turawa yakan kai kilo 500, yana gudun da ya kusa kilomita 60 a awa, kuma a kowane taku akwai lokacin da duk nauyinsa da na mahayi ke sauka a kan ƙafar gaba guda ɗaya. Ƙashin da ya fara tsagewa a ɓoye, a nan yake karyewa. Doki kuwa in ya yi mummunar karaya, da wuya ya sake tashi, yaron da ke kansa ma Allah kaɗai ya san yadda zai faɗi.

To, a nan ne nake da damuwa, jama'a. Mai doki ya kashe miliyoyi, wataƙila ta Chadi aka ratso da dokin daga Sudan. Ya gayyato abokai, an ɗinka riguna, an ɗauko makaɗa. Sai mai horarwa ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi ya huta, ƙafar nan ba ta kwanta mini ba." Masu doki nawa ne za su karɓi wannan magana? Wani sai ya ce tsoro ne. Wani ya ce a yi allurar kashe zafi a fita da shi haka nan, alhali allura ciwon take ɓoyewa, rauni yana nan yana jiran kwana ta ƙarshe. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Ga abin da ya faru a Amurka. Ranar 6 ga Mayun 2023, da safiyar babbar gasar sukuwa ta Kentucky Derby, likitan dabbobi na hukuma ya hana doki mai suna Forte shiga, saboda ƙujewa a ƙafarsa ta dama ta gaba. Shi ne kuwa dokin da aka fi sa wa rai a ranar. Mai shi bai ji daɗi ba, amma hukunci ya zauna, wani doki mai suna Mage ya ci. Bayan mako biyar Forte ya fito a gasar Belmont ya zo na biyu, a watan Yuli kuma ya ci wata gasar. A filin Churchill Downs kuwa, inda ake yin Kentucky Derby ɗin, a wannan lokacin dai dawakai 12 ne suka mutu cikin 'yan makonni, har aka kwashe ragowar wasannin zuwa wani fili.

Mu ba baƙin doki ba ne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son sukuwa da folo, wato ƙwallon dawaki, gidansa kuma ya gaji abin har yau. A fadojinmu akwai sarautar Shamaki, mai kula da bargar sarki. Kakanninmu sun ɗauki mai kula da doki da girman da har rawani suka naɗa masa, suna kuma jin maganarsa.

Kirana ga masu shirya sukuwa shi ne a ajiye likitan dabbobi a kowane fili, ya duba kowane doki da safe, hukuncinsa kuma ya hau kan kowa, komai girman mai dokin. Hakan zai sauke wa mai horarwa nauyin jayayya da wanda ke biyansa albashi. Mahaya kuma, waɗanda yawancinsu matasa ne marasa nauyi, kada a bar ko ɗaya ya hau ba hular kwano. Ku kuma alhazai masu dawaki, don Allah in mai horarwa ya ce a fasa, a fasa, a kai dokin sukuwa ta gaba.

Allah ya sa a hau lafiya a sauka lafiya. Wassalamu alaikum.