Yaron da Cokali ke Kuɓuce wa: Daga Ina Ake Fara Gyara?

Assalamu alaikum, iyaye da masu reno. Ku duba hannun yaron nan da kyau. Shekararsa huɗu, an ajiye masa kunu, ya damƙi cokali, kafin ya kai baki rabi ya zube a riga. A yawancin gidajenmu na Katsina abin da zai biyo baya sananne ne: uwa za ta ce "kawo in ba ka", kaka ta ce "ƙyuya ce kawai". Daga ranar ya daina gwadawa.

Akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu ke nan, koya wa mutum hidimar kansa: ci, sa kaya, wanka, kama ruwa, rubutu. A asibiti O.T. ake ce musu, wato occupational therapist a Turance, kuma daban suke da masu gashin ƙashi, ko da yake sukan yi aiki tare. Sana'ar ba sabuwa ba ce, ƙungiyarsu ta duniya tun 1952 aka kafa ta. A wurinsu babban aikin yaro shi ne wasa, don haka da wasa suke gyara.

Idan kika kai musu wannan yaro, ba yatsunsa za su fara dubawa ba, zamansa za su kalla. Gwada zura zare a allura kina cikin Keke Napep a kan hanya mai gargada. Haka yaron da bayansa da kafaɗarsa ba su yi ƙwari ba yake ji duk lokacin da ya ɗauki cokali. Ƙarfi daga gangar jiki yake tafiya zuwa kafaɗa, ya sauka gwiwar hannu, sannan ya isa yatsu. Shi ya sa ake son a riƙa kifa jariri a kan tabarma idan idonsa biyu kuma ana kusa da shi, 'yan mintoci sau da yawa a yini, ya ɗaga kai, ya dogara da hannuwa. Barci kuwa a rigingine. Goyo yana da daɗi, amma yaron da ya yini a baya bai samu filin rarrafe ba. Wanda ya ɗan tasa, a ba shi gawayi ko alli ya yi zane a jikin katanga yana tsaye. Na san masu gida ba za su so wannan ba, to a keɓe masa gefe guda.

Sai yatsu. Tsakanin wata 9 zuwa 12 yawancin yara kan fara tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni. Wannan ɗan kamun da yatsu biyu shi ne daga baya zai riƙe alƙalami a kan allo, ya ɓalle maɓallin riga. Kuma kayan horar da shi suna cikin madafinki. Ranar da ake cura fura, gutsura masa kaɗan. Kalli abin da hannunsa ke yi: ya matse, ya mulmula a tsakanin tafuka biyu, ya ɗan danna da yatsa, ya birkima ta cikin gari. Hannu biyu suna aiki tare, ido yana bin su, tafin hannu yana koyon yawan ƙarfin da zai sa don kada ta fashe. Curin zai fito a karkace, bar shi haka nan. Ɓarar gyaɗa, tsintar wake, matse soso a wurin wanka, maƙala abin shanya a igiya, duk aiki ɗaya suke yi. Sai dai a kula, yaron da bai kai shekara 3 ba ba a barinsa da gyaɗa ko wake ko duwatsun carafke, yana iya shaƙewa ko ya cusa a hanci.

Ga wata dabara da nake ganin ta fi kowace amfani, ita ce koyarwa daga ƙarshe. Wajen sa wando, ki sa masa ƙafafu, ki ja har gwiwa, har cinya, ki bar masa jan ƙarshe zuwa ƙugu. Shi ya gama, shi aka yaba wa. Idan ya ƙware, ki tsaya a gwiwa. A hankali aikin yana komawa hannunsa, kuma kullum da nasara yake tashi. Za a makara zuwa Islamiyya wasu ranaku, gaskiya ne, shi ya sa ya fi kyau a fara ranar da ba a sauri.

Wani lokaci kayan ake gyarawa. Naɗa tsumma a mariƙin cokali ya yi kauri. Sa jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙarƙashin kwano ya daina zamewa. A zaunar da shi inda tafin ƙafarsa ke taɓa ƙasa, bayansa a jingine.

Akwai kuma yaran da ƙarar injin niƙa ko na aski ke firgitawa, ko ba sa jure wani yadi a jikinsu. Ba lallai rashin kunya ba ce, jikinsu ne ke jin abin fiye da namu, kuma ana yawan ganin haka ga masu galahanga, wato autism. Duka ba ya maganinsa. A gaya musu kafin a kunna, a fara daga nesa.

Yaushe za a tafi asibiti? Idan wata 9 ya cika bai zauna da kansa ba, ko wata 18 bai taka ba, ko hannu ɗaya kullum a dunƙule, ko jikinsa ya cika sanƙarewa ko saki, ko ya daina abin da ya riga ya iya. A ƙara sa ido idan an sha doguwar naƙuda bai yi kuka da wuri ba, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau. Ku fara da sashen yara a asibitin Turai Yar'adua ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Masu wannan aiki ba su da yawa a Najeriya, ta yiwu a tura ku Kano. Kafin ku tafi, ku ɗauki ɗan bidiyonsa a waya yana cin abinci ko yana wasa a gida, domin yaro da ya ga baƙuwar fuska sai ya noƙe, likita ya kasa ganin abin da kuke gani.