Amsoshin Tambayoyinku: Rijiyar da aka yi wa gini kamar fada a Aachen

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta yau daga wani malami ce a Damagaram. Ya ce ya ga hoton wani farin gini mai jerin ginshiƙai a birnin Aachen na Jamus, aka ce masa wai rijiya ce. Shi ne yake tambaya: me rijiya za ta yi da gini kamar fadar sarki?

To, Malam, Allah Ya gafarta maka, ginin da ka gani shi ne Elisenbrunnen. An aza harsashinsa a 1822, aka kammala a 1827, aka sa masa sunan Gimbiya Elisabeth, matar yarima mai jiran gadon sarautar Prussia, wata tsohuwar daula a Jamus. Johann Peter Cremer ne ya zana shi, sannan shahararren mai zanen gine-ginen nan na Berlin, Karl Friedrich Schinkel, ya sake masa fasali.

Abin da zai ba ka mamaki, idon ruwan ma ba a nan yake ba. Ta bututu ake janyo shi daga wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake sha don magani, wadda ake kira Kaiserquelle. Ke nan ba ruwan aka yi wa rumfa ba, masu shansa aka yi wa. A wancan zamani likitocin Turai kan umarci mara lafiya ya kurɓi ruwan kaɗan-kaɗan yana tattaki. Shi ya sa aka yi zagayayyen zaure a tsakiya, mai ginshiƙai irin na tsoffin Girkawa, da baranda dama da hagu, mutum ya yi ta kai-komo ko ana ruwan sama. Kuma mu faɗi gaskiya, masu kuɗin da ke zuwa ba magani kaɗai ke kawo su ba, har da a gan su.

Kana shiga zauren, hancinka zai riga idonka labari. Ruwan na fitowa daga famfo biyu a jikin bango, zafinsa ya kai digiri 52, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wutar da ke cikinsa. Wanda ya san ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, zai gane wannan ba na wasa ba ne.

Malamin ya ƙara da cewa, ko ginin na asali ne? A'a. Bama-bamai sun rusa shi a Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake gina shi a kan tsohon fasalinsa a farkon shekarun 1950. A bango akwai allunan marmara ɗauke da sunayen manyan baƙin da suka zo Aachen don ruwanta, cikinsu har da Sarkin Rasha Peter Babba da mawaƙi Handel. Amma yau kusa da famfon an liƙa gargaɗi cewa ba ruwan sha ba ne, ko da yake ba a rasa masu ɗanɗanawa su yatsine fuska.

Sai wasiƙa ta gaba, wadda ta zo mana daga Kumasi.